Mai Nuna Hanya da Faɗuwar Gabansa

Hausawa suna cewa faɗuwar gaba asarar namiji ce. Idan haka ne, me za mu ce da ma'aikacin ɗakin karatu wanda ya ƙware a tsara littattafai, amma ranar da aka tara masa sababbin ɗalibai domin ya koya musu bincike, sai bakinsa ya bushe, hannunsa ya kama rawa? Shin wannan tsoro shaida ce ta rashin cancanta?

Mu fara da jiki. Idan mutum ya tsaya gaban idanu masu yawa, wasu 'yan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda sukan saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, yawu ya ƙafe. Wannan shiri ne da jiki yake yi domin aiki mai nauyi, babu zunubi a cikinsa. Wanda ya isa aji da wuri, ya gwada kwamfutarsa, ya tanadi abin yi idan aka ɗauke wuta, ya haddace jimlolinsa na farko, ya kuma ja numfashi a hankali kafin ya buɗe baki, ya sauke wa kansa kaya mai yawa.

Amma saiwar al'amarin tana cikin zuciya, gama tsoron mai koyarwa iri biyu ne. Akwai wanda yake cewa, kada in ɓatar da yaran nan. Akwai kuma wanda yake cewa, kada yaran nan su raina ni. Na farko riƙon amana ne, shi ne yake tura mutum ga shiri. Na biyu kuwa girman kai ne da ya sa rigar tawali'u, domin mai shi kansa yake kallo, bai ga waɗanda suke zaune gabansa ba.

Da ya dube su da kyau, da ya ga su ma a tsorace suke. A shekarar 1986, wata masaniyar aikin ɗakin karatu a Amurka, Constance Mellon, ta wallafa nazarin da ta yi a kan rubuce-rubucen ɗaliban jami'a. Ta gano cewa kashi 75 zuwa 85 cikin ɗari sun kwatanta haɗuwarsu ta farko da ɗakin karatu da kalmomin tsoro. Kowa yana zaton sauran sun iya, shi kaɗai ne jahili, don haka ya ɓoye tambayarsa. Ka tuna da yaron da ya fito daga sakandaren ƙauye, ya shiga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a karo na farko. Hannu yake nema da zai riƙe. Malamin da ya gane haka, tausayi zai cika wurin da fargaba take zaune.

Haka kuma, ba a ɗora wa mai ɗakin karatu sanin kome ba. Tun 1876 Melvil Dewey ya raba ilimi gida goma, daga 000 zuwa 999, domin wanda bai taɓa karanta littafi ba ya iya gano inda yake. Aikin mai ɗakin karatu ke nan, nuna hanya. Saboda haka idan ɗalibi ya jefo tambayar da ta fi ƙarfinsa, ya amsa cewa, "Ban sani ba, amma zo mu nema tare," bai faɗi ba. A wannan lokaci ne ya koyar da babban darasinsa, cewa matambayi ba ya ɓata.

Musa ma ya yi kukan nauyin harshe sa'ad da aka aike shi wurin Fir'auna, kamar yadda muke gani a Littafin Fitowa sura 4, aka kuwa ba shi Haruna ya tsaya tare da shi. Sabon malami ma ya nemi babba a aiki, ya zauna a ajinsa ya kalla, ya kuma roƙe shi gyara.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko a ɗakin karatu kake koyarwa ko a wani aji dabam, kada ka jira tsoro ya tafi kafin ka tashi tsaye. Ƙarfin hali yakan zo ne a cikin aikin, yau kaɗan gobe kaɗan. Ka shirya da aminci, ka dubi fuskar ɗalibin da ya fi kowa shiru, ka fara da shi.