Abin da Faifai Ya Riƙe

A cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona akwai wani kaset da ƙanena ya ɗauki muryar Baba a kai, shekara biyu kafin rasuwarsa. Karatu yake yi a zaure bayan sallar asuba. Ana jin carar zakara daga nesa, ana jin tarinsa sau uku, ana jin inda numfashi ya yanke masa a tsakiyar aya, ya koma baya ya sake ɗaukowa. Ranar da na kunna wa yara, autata ta ɗago kai ta ce, "Abba, ashe muryar Kaka rawa take yi?" Na rasa amsar da zan ba ta. Mutumin da in ya ɗaga murya a masallacin unguwa, ba lasifika, mata a cikin gida ke ajiye tsintsiya su saurara, shi ne jikarsa ba za ta taɓa sani ba sai da murya mai rawa.

Abin ya daɗe yana cina a rai, har wani dare na ci karo da wani tsohon faifan garmaho da aka ɗora a intanet. Na wani makaɗin bayolin ne, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, sunansa Joseph Joachim. Ba hukuncin kiɗa na zo tattaunawa ba, wannan fagen malamai ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne na ji kaset ɗin Baba a cikinsa.

An haifi Joachim a 1831 a ƙasar Hungari. Yana ɗan shekara 12 ya tsaya gaban jama'a a Landan, a 1844, ya kaɗa babban kiɗan bayolin na Beethoven, Mendelssohn na jagorantar makaɗa. Amininsa Brahms dominsa ya tsara nasa babban kiɗan, Joachim kuma ya fara kaɗa shi a Leipzig a 1879. Sama da shekara sittin Turai na jinjina masa. Amma na'urar ɗaukar sauti ba ta riske shi ba sai a 1903, yana da shekara 72, saura shekara huɗu ya bar duniya. Fuskar faifai biyar kacal ya bari: biyu na Bach, biyu na raye-rayen Hungari da Brahms ya tsara, ɗaya nasa na kansa. In aka haɗa su duka ba su kai minti ashirin ba.

A lokacin ba a ɗaukar sauti da makirfo, sai a 1925 ya shiga wannan sana'a. Makaɗi yakan tsaya ne dab da bakin wani ƙaton mazurari, sautin ya bi ta ciki ya girgiza allura, allurar ta yi ta zana layi a kan faifan kaki. Minti uku zuwa huɗu fili ya ƙare. Ba yankewa, ba gyara, kuskuren da ka yi ya zauna ke nan. Sauti mai kauri sosai da siriri sosai duk ba sa shiga. Abin da ya rage kuma yana zuwa ne ta cikin wani shuuu, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Ta cikin wannan ruwan na ji tsoho yana jan bakansa a kan kiɗan Bach, a natse, ba ya karkaɗa sauti irin na makaɗan yau. A wasu wuraren yatsun sun yi nauyi. Akwai masu saurare na wannan zamani da ke ji su ce, "Wannan ne wanda ake ta zuzutawa?" Tambayar autata ce, da wani harshe.

Shekara guda bayan haka, a 1904, aka ɗauki Pablo de Sarasate, mutumin Pamplona ta ƙasar Sifen, a birnin Faris, yana da shekara 60. A tsakiyar kiɗansa da ya fi shahara, Zigeunerweisen, ana jin muryar mutum ta faɗi wasu 'yan kalmomi, sai kiɗan ya tsallake zuwa gaba. Masu nazari da yawa na ganin shi ne yake ce wa mai fiyano su tsallake wani sashe don faifan ba zai ɗauka ba. Na maimaita wurin nan ya fi sau goma. Mutum ya yi magana don buƙatar minti ɗaya, bai san ita ce za ta wuce shekara ɗari tana yawo a kunnuwan baƙi ba. Haka tarin Baba. Ba mu ke zaɓar abin da zai saura daga gare mu ba.

To wa ya fi dacewa, wanda aka ɗauka a raunane ko wanda ba a ɗauka ba sam? Niccolò Paganini, ɗan Italiya, wanda ake ɗauka sarkin masu bayolin, ya mutu a 1840, shekara 37 kafin Edison ya ƙera na'urarsa ta ɗaukar sauti a 1877. Ba mai iya cewa yatsansa ya kauce, don ba mai shaida. Da farko na ga kamar shi ya tsira. Amma da na duba abin da ya maye gurbin sautinsa, sai na canza ra'ayi. Tun yana raye ake yaɗa cewa da Shaiɗan ya ƙulla yarjejeniya, kamar yadda a nan ma ba a raba mai goge da zancen iskoki. Da ya mutu a birnin Nice, coci ta hana a binne shi a maƙabartarta, gawarsa ta yi ta yawo shekara da shekaru kafin ta samu kabari a Parma a 1876. Inda babu shaida, tatsuniya ke gina gida. Joachim kuwa faifan ya sauko da shi daga sama ya mai da shi ɗan Adam mai tsufa, wanda za a iya tausaya wa, a kuma koya daga gare shi. Da babu gara ba daɗi, in ji Hausawa, ni kuwa na ce wannan ba daɗin ma gaskiya ce, gaskiya kuwa ta fi ƙawa.

Sai dai gaskiyar guntuwa ce, kuma a nan ne tunanina ya koma ga wani rubutun da ba na kaki ba. Mun yi imani akwai mala'iku masu rubuta ayyukan bawa, ba abin da ke kuɓuce musu. Da ina yaro tsoro kawai wannan ke ba ni. Yanzu da furfura ta fito, sai na ga rahamar da ke ciki. Malamanmu sun karantar da mu hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari, mai nuna cewa bawan da ciwo ko tafiya ta hana shi aikin alherin da ya saba, ana ci gaba da rubuta masa ladan kamar yana nan lafiya lau. Dubi bambancin. Na'urar ɗan Adam ta zo wa Baba a makare, ta rubuta shi a ranar rauninsa, ta bar shekarun ƙarfinsa suka bi iska. Littafin Ubangiji kuwa ko a ranar rauninsa da ƙarfinsa yake rubuta shi. Faifai sauti yake kamawa, ba ya kama niyya, ba ya kama darare dubu da aka kwana ana tilawa kafin wannan safiya guda.

Saboda haka duk wanda guntun wani ya faɗo hannunsa, murya ce ko hoto ko wasiƙa, amana ce aka ba shi, ba kujerar alƙali ba. Ya saurara da adalcin da yake fatan a yi masa ranar da nasa guntun zai faɗa hannun jikoki.

Akwai kuma wani ma'ajin da na manta da shi. Joachim ya koyar da Leopold Auer, Auer ya je Rasha ya koyar da Mischa Elman da Jascha Heifetz. Abin da kaki ya kasa riƙewa, hannun almajirai ya riƙe, kamar yadda karatu ke bin silsila a zaurukanmu, daga baki zuwa kunne.

Daren Juma'ar da ta wuce na kira autata, na sake kunna kaset ɗin. Na ce mata ta bar rawar muryar, ta kasa kunne ga inda yake tsayawa da yadda yake jan madda. Da ya ƙare na kashe rediyon, na karanta mata surar da ke kan kaset ɗin da bakina. Ban kai rabi ba ta dafa gwiwata ta ce, "Abba, a nan Kaka ma ya tsaya."