"Ka Ƙi Naka, Duniya Ta So Shi": Ko Haka Mai-bi Za Ya Yi?

Ya kai mai-karatu, wanda ka shiga hanyar Yesu Kristi kwanan nan, ko kuwa kana tsaye a bakin ƙofa kana tambaya tukuna, ga wata magana wadda ta shafe ka, idan Allah ya ba ka ɗa ko ɗiya, ko kuwa ya sa ɗan wani a hannunka. Tun muna ƙanana mu ke jin manya suna cewa, "Ka so naka, duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka, duniya ta so shi." Saboda wannan karin magana uba ya kan murtuke fuska da zarar ya shigo gida, uwa kuma ta kan bar jinjiri yana ta kuka, wai kada ya saba da hannu. To, tambayarmu ke nan: ko ƙauna tana lalatar da yaro? In kuwa ba ita ce ke lalatar da shi ba, mene ne?

GASKIYAR DA KE CIKIN MAGANAN NAN

Kada mu yi gaggawar raina maganar kakanninmu, gama ba a banza suka faɗe ta ba. Sun ga yaron da ba a taɓa hana shi kome ba, sun kuma ga ƙarshensa. Littafi Mai-tsarki ma ya nuna mana irin wannan. A cikin Littafin Sama'ila na fari akwai labarin Eli firist, wanda 'ya'yansa biyu, Hofni da Finehas, su ke ƙwace naman hadaya da ƙarfi, suna aikata abin kunya a ƙofar wurin sujada. Eli ya ji labari, ya yi masu 'yar magana mai-sanyi, ya bar su a bakin aikinsu. Dukansu biyu suka mutu rana ɗaya a wurin yaƙi, shi kuwa tsohon, yana da shekara 98, da jin labarin sai ya faɗi daga kan kujerarsa, wuyansa ya karye. Hakanan kuma Adonija ɗan Dawuda: an rubuta a farkon Littafin Sarakuna na fari cewa ubansa bai taɓa tsawata masa a kan kome ba. Da ya girma sai ya naɗa kansa sarki ubansa yana da rai, ya kuwa ƙare a bakin takobi.

Ashe dai icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda ya ƙyale ɗansa ya yi abin da ya ga dama, ya haƙa masa rami da hannunsa.

INDA MUTANE SU KE ƁATA HANYA

Amma ka lura da kyau. Laifin da Allah ya kama Eli da shi, shi ne ya girmama 'ya'yansa fiye da Ubangiji, ya kuma san muguntarsu bai hana su ba. Ba a ce ya cika rungumarsu suna ƙanana ba, ba a ce ya cika jin kukansu ba. Shagwaɓa dabam, ƙauna dabam. Mai-shagwaɓa yaro ya kan ba shi abin da ya ke so domin shi babba ya huta da rigima. Kansa ya ke ji, ba yaron ba. Mai-ƙauna kuwa ya kan jure kukan yaro yau domin amfanin yaron gobe, yana hana shi, amma fuskarsa ba ta juya masa baya ba.

Kuskuren mutane da yawa shi ne, da suka ga shagwaɓa tana da illa, sai suka gudu daga ƙauna ɗungum. Suka mai da gida wurin tsawa da ranƙwashi, har yara su kan watse kamar 'yan tsaki sun ga shirwa in sun ji takun ubansu a zaure. Uban kuwa yana murna, yana cewa 'ya'yansa suna da ladabi. Tsoro ya gani, ya ba shi sunan ladabi. Ga yadda za ka rarrabe su: mai-ladabi yana yin abin kirki ko babu mai-ganinsa, mai-tsoro kuwa yana yi muddin tsumagiya tana kusa, ran da ta yi nisa sai ka ga wani mutum dabam.

ABIN DA MASU-BINCIKE SUKA GANI

Allah ya halicci jinjiri da yunwa iri biyu, ta ciki da ta zuciya, ta biyun nan kuwa tana iya nakasa shi kamar ta farin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu yara masu-yawa a ƙasashen Turai suka rasa gida da iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wani likita na Ingila, John Bowlby, ya bincika halinsu. A shekara ta 1951 ya kawo bayaninsa, ya nuna cewa ƙaramin yaro yana bukatar mutum guda tsayayye, uwarsa ko wadda ta tsaya a maimakonta, wadda za ta riƙe shi da taushin zuciya kullum, in kuwa ya rasa wannan, hankalinsa da halinsa su kan raunana.

Abokiyar aikinsa, Mary Ainsworth, ta zauna a Yuganda a 1954 da 1955, tana ziyartar iyali 26 a ƙauyukan da ke kewaye da Kampala. Ta ga yaron da ya amince da uwarsa shi ne ya ke da ƙarfin halin yin rarrafe ya tafi ya dudduba abubuwa, ya komo wurinta, ya sake tafiya. Daga baya, a birnin Baltimore na Amurka, ita da wata abokiyar aikinta suka bayyana a 1972 cewa jariran da a ke amsa kukansu da sauri a watannin fari, su ne suka fi ƙarancin kuka sa'anda suka kusa cika shekara. Ka ga wannan ya saɓa wa zaton masu-cewa ɗaukar jinjiri tana koya masa rigima.

Akwai shaida mai-ban tausayi kuma daga ƙasar Romaniya. Da mulkin Ceausescu ya faɗi a watan Disamba na 1989, aka iske yara fiye da 100,000 a gidajen renon gwamnati. Ana ba su abinci gwargwado, amma babu mai-ɗaukarsu, babu mai-yi masu wasa. Baƙin da suka shiga suka tarar da ɗakuna cike da jarirai, shiru kamar babu kowa, gama sun riga sun koyi cewa kuka ba ya kawo kowa. A shekara ta 2000 masana suka soma bin sawun yara 136 a birnin Bukarest. Aka ba da rabinsu riƙo a gidajen mutane, rabi suka zauna inda su ke. Waɗanda aka ba da riƙo suka fi sauran hankali da magana da iya zama da mutane, musamman waɗanda aka ɗauka tun ba su cika shekara 2 ba.

Ya ɗan'uwana, yaron da ya yi shiru ba kullum ne ya natsu ba. Wani ya fid da zuciya ne.

BATUN SANDA

Watakila za ka ce, "Ai Littafin Misalai ya yi zancen sanda." Gaskiya ne, ba kuwa za mu ɓoye wannan ba. Amma mai-bi ba ya ɗaukar aya ɗaya ya rufe idonsa ga sauran. Manzo Bulus, a sura 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, bayan ya umurci yara su yi biyayya, nan take ya juya ga ubanni ya gargaɗe su a kan tsokanar 'ya'yansu har su yi fushi. A sura 3 ta wasiƙar Kolosiyawa ya sake wannan gargaɗi, ya kuma faɗi dalili, wato kada zuciyar yaran ta karai. Sau biyu a ka ja kunnen uba. Ashe akwai horon da ya ke zunubi ne.

Ka tambayi zuciyarka da gaskiya: yawancin dukan da a ke yi wa yara a gidajenmu, domin gyara a ke yi, ko domin babba ya huce? Ciniki ya ƙi a kasuwa, ko maigida da uwargida sun sami saɓani, sai yaro ya zubad da kunu, ya sha bugun da ya fi laifinsa sau goma. Wannan ramuwa ce a kan marar-ƙarfi, Allah kuwa yana gani. A shekara ta 2016 waɗansu masana biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, suka tattara binciken shekara 50 wanda ya shafi yara fiye da 160,000. Suka iske yaran da a ka fi duka ba su fi sauran biyayya ba, sun dai fi su faɗa da taurin kai da baƙin ciki. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da ya ga babba yana biyan bukatarsa da mari, shi ma da mari za ya biya tasa a kan ƙanensa. Ya kan kuma koyi ƙarya, gama wanda gaskiya ta ke jawo masa bulala za ya nemi mafaka wurin ƙarya.

GIDAJEN ZAMANIN NAN

A dā yaro ya kan tashi a babban gida. In uwa ta yi masa tsawa, kaka tana nan ta lallashe shi. In uba ya yi tafiya, ga baffa, ga gwaggo. Da dare a yi tatsuniya a tsakar gida. Yanzu kuwa iyali da yawa suna zaune a birni cikin ɗaki ɗaya ko biyu na haya, uba ya fita tun asuba, uwa ma tana neman abin rufin asiri, su komo a gajiye. Nauyin da mutum goma su ke ɗauka dā ya komo kan mutum biyu, wani wuri ma kan mutum ɗaya. Ba mu faɗi wannan domin mu kā da kowa ba. Ubangiji ya san wahalarku.

Amma akwai wani sabon ɓarawo da ya shigo gida, shi ne wayar hannu. A shekara ta 1975 wani masani, Edward Tronick, ya nuna wani gwaji: uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta daskare fuskarta na 'yan mintoci, kada ta yi murmushi, kada ta amsa. Jaririn ya kan yi mata dariya, ya yi gwalantu, ya miƙa hannu. Da ya ga babu amsa sai ya kau da kai, ya ɓaci, ya fashe da kuka. To, wace irin fuska ɗanka ya ke gani sa'anda idonka ya ke kan waya? Waɗansu kuma su kan miƙa wa yaro wayar domin ya yi shiru, wannan kuwa ita ce shagwaɓar Eli cikin sabuwar riga. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunad da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, mai-shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a yini.

KUNYA DA BAMBANCI

A ƙasarmu akwai al'adar kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma a kan kai shi wurin kaka da yaye. Kunya ado ce, ba kuwa mu ce ka zubad da mutuncinka a gaban surukai ba. Amma yaro ƙarami bai san al'ada ba. Abin da ya gani kawai shi ne ana wasa da ƙanensa, shi ana kau da kai. Idan ba za ka iya kiran sunansa a dandali ba, ka tabbata a cikin ɗaki ya san kana ƙaunarsa.

Ka yi hankali kuma da ɗan mowa da ɗan bora. Yakubu ya fifita Yusufu, ya ɗinka masa riga ta musamman. 'Yan'uwansa suka ƙi shi, suka sayad da shi a bakin azurfa 20 yana saurayi, tsohon ya yi shekaru yana makoki. Agola, da ɗan riƙo, da maraya, da 'yar da a ka kawo daga ƙauye domin aikin gida, dukansu Allah za ya tambaye ka a kansu.

ABIN DA ZA KA YI

Na fari, ka sa dokoki kaɗan, ka bayyana dalilinsu, ka tsaya a kansu. Kada abin da ka hana jiya ya zama abin dariya yau. Na biyu, kada ka hori yaro kana cikin fushi. Ka fita, ka sha ruwa, ka yi addu'a, kāna ka komo. Na uku, horo ya dace da laifi: wanda ya ɓata abu ya gyara shi, wanda ya cuci ɗan'uwansa ya roƙi gafara ya kuma biya. Na huɗu, ka tsauta wa aikin, kada ka la'anci yaron. Kalmomi irin su "ɗan banza" da "ba za ka yi albarka ba" su kan zauna a zuciya bayan tabon bulala ya warke. Na biyar, in yana kuka ko fushi, ka tambaye shi abin da ke damunsa, ka ji shi har ya gama; jin kukansa ba yarda da laifinsa ba ne. Na shida, kowace rana ka ajiye waya, ka ba shi ɗan lokaci wanda ya ke nasa shi kaɗai. Na bakwai, in ka zalunce shi, ka ce masa ya yafe maka. Girmanka ba za ya ragu ba, shi kuwa za ya koyi tuba daga wurinka.

Ka tuna da abin da Markus ya rubuta a sura 10. Mutane suka kawo yara wurin Yesu, almajiransa suka kore su, suna tsammani Malam ya fi ƙarfin wannan. Yesu ya ji haushin almajiran, ya rungumi yaran, ya sa masu albarka. Ka tuna kuma, sa'anda ka koya wa ɗanka ya kira Allah Uba, ba shi da wani ma'auni da za ya auna kalman nan sai kai. In uban da ya sani mai-zafin hannu ne wanda ba a kusantarsa, da wuya ya gaskata cewa Uba na sama yana jin addu'a.

Domin wannan, ya kai mai-bi, ka ƙi muguntar ɗanka, amma shi kansa ka so shi, ka kuma bari ya sani. Idan 'ya'yanka sun riga sun girma, zuciyarka kuwa tana kā da kai, kada ka ce lokaci ya wuce. Ka kira su tun yau ka yi magana da su. Allah wanda ya karɓe ka sa'anda ka komo gare shi, shi ya ba ka haƙuri da hikima, ya sa gidanka ya zama wurin salama. Amin.