Burkutu Domin Baƙo: Karamci Ne Ko Tarko?

Akwai wata tambaya da ba kasafai ake kai ta gaban fasto ba, amma tana yawo a gidajen masu bi idan Kirsimeti ko bikin aure ya matso. Ga magidanci a unguwar Wunti cikin garin Bauchi, mai bi ne, shi kansa ba ya shan giya. Surukansa za su zo daga Jos, ko ƙannensa da ke aiki a Legas da Fatakwal, mutanen da suka saba da Star da Gulder. A cikin gari kuwa, tun da jihar Bauchi ta soma aiki da shari'ar Musulunci a 2001, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, ba mai ɗauko katan ɗin giya ya ratsa Kasuwar Wunti da shi hankali kwance. Sai dabara ta zo: a kira wata goggo daga ƙauye wadda ta iya, ta dafa 'yar burkutu a bayan gida, a tace ta sosai, kada ta yi tsami, kada ta yi kauri, yadda wanda ya saba da ta kwalba zai sha ba tare da ya yamutsa fuska ba. Shin wannan karamci ne?

Dole a fara da yi wa magidancin nan adalci, domin niyyarsa ba mugunta ba ce. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, Littafi Mai Tsarki ma bai yi wasa da zancen baƙo ba. A Farawa sura 18 Ibrahim ya hangi mutum uku da tsakar rana, ya sheƙa ya tarye su, ya sa aka yanka maraƙi, aka kawo madara da kindirmo, shi kuma ya tsaya a kansu suna ci. Manzo Bulus da yake lissafa wa Timoti halayen shugaban ikilisiya ya sa karɓar baƙi a ciki. Sai dai a aya ta gaba ya ce kada shugaban ya zama mashayi. Abubuwan nan biyu maƙwabta ne a wasiƙar, magidancin Wunti kuwa yana jin kamar sun zama kishiyoyi a gidansa.

Hujjar farko da akan kawo ita ce ta gida ba giya ba ce, abinci ce, dawa ce kawai da ruwa. Wanda ya taɓa ganin yadda ake yin ta ya san iyakar gaskiyar wannan magana. Ana jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama, a dafa, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a zuba mata ragowar tsohuwar giya a bar ta ta tashi. Aikin yakan ci kusan mako guda. Tsiron ne ke mai da garin dawa zaƙi, yisti kuma ya cinye zaƙin ya bar sinadarin da ke sa maye. Abin da ke faruwa ke nan a manyan tukwanen kamfanin da ya fara fitar da Star a Legas a 1949. Har hatsin ma ya zo ɗaya: a 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, kamfanonin giya suka koma sayen dawar arewa. Saboda haka abin da ke cikin randa da abin da ke cikin kwalba 'yan uwa ne na jini, kuma jikin mai sha ba ya tambaya daga ina suka fito.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, bai kuma kamata a yi mata kunnen uwar shegu ba. Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi a bikin Kana domin ya fid da ango daga kunya a gaban baƙinsa. Katarina, matar Martin Luther, takan dafa giya a gidansu da ke Wittenberg a Jamus, ɗalibai da baƙi suna sha a teburin maigidan. Wanda ya ce Littafi Mai Tsarki ya kira kowane ɗigo zunubi ya faɗi abin da ba a rubuta ba. Buguwa ce aka hana ƙarara, daga Karin Magana har wasiƙar Afisawa. Ƙauracewa giya gaba ɗaya da ikilisiyoyin wannan yanki suka riƙe tana da nata tarihi. Ma'aikatan mishan na SIM da suka fara zuwa a 1893, da na SUM da suka biyo baya a 1904, sun tarar da burkutu a tsakiyar komai: ita ake zuba wa kakanni a wurin tsafi, ita ake biyan 'yan gayya da ita, ita ce kuma ke cinye dawar rumbu tun damina ba ta yi nisa ba. Masu bi na farko da suka bar ta sun san abin da suka gudo daga gare shi, sun kuma ci gaba da riƙe wannan tsari bayan an kafa ikilisiyoyi irin su ECWA a 1954. Wannan ba doka ta goma sha ɗaya ba ce. Alkawari ne da jama'a suka ɗauka da idonsu a buɗe, mai shiga cikinsu kuma ya amince da shi ranar da aka karɓe shi.

Amma ko da an ajiye alkawarin nan a gefe, akwai abin da ya fi damuwa a cikin shirin magidancin, wato kalmar sauƙi. Me ake nufi da giya mai sauƙin sha? Ana nufin wadda aka cire mata duk abin da zai sa mai sha ya dakata. Tsamin burkutu da kaurinta da tsakin da ke kwanciya a gindin ƙwarya ba su da daɗi ga baƙon birni, amma su ne ke ja masa birki. Idan an tace su an zubar, maye yana nan yadda yake, gargaɗin ne kawai ya tafi. Marubucin Karin Magana, a sura 23, bai ja kunne a kan ruwan inabi mai ɗaci ba. Wanda ke sheƙi a ƙoƙo yana gangarawa maƙogwaro sumul shi ya ce a yi hankali da shi. Ga shi kuma giyar kwalba, duk da illarta, tana ɗauke da takarda mai faɗin ƙarfinta, kusan kashi 5 cikin 100, mai sha kuma yana iya ƙirga kwalaben da ke gabansa. Ta randa ba ta da takarda. Ƙarfinta da safe daban, da yamma daban, domin ba ta daina tashi ba. Ƙwarya kuwa ba ta ƙirguwa idan mai gida yana tsaye da ludayi yana ƙarawa.

A nan ne karamci ke juyewa ya zama matsi. Wanda ya shiga mashaya da ƙafarsa zai iya tashi lokacin da ya ga dama. Wanda aka ce masa mako guda ana wahala dominsa, kunya ba za ta bar shi ya ce ya ƙoshi ba. Mai gida kuma bai san komai game da cikin baƙinsa ba. Wataƙila a cikinsu akwai wanda likita ya hana saboda hanta ko hawan jini, ko wanda ya yi wata shida yana kokawar bari, matarsa tana zaune a gefe tana kallo ba ta da bakin magana a gidan surukai. Akwai kuma wanda zai kama sitiyari da magariba ya nufi Jos, tafiyar kilomita sama da 100, da yara a kujerar baya. Annabi Habakuk ya yi wa mai shayar da maƙwabcinsa har ya bugu kashedi mai zafi. Gaskiya ne mutumin da annabin ke nufi yana da mugun nufi, magidancin Wunti ba shi da shi. Amma hanyar Jos ba ta duba nufi.

Sauran mutanen gidan fa? Yaron da aka aika ɗebo itace ya ga tukunyar, ya kuma ji abin da aka faɗa a makarantar Lahadi, zai haɗa biyun da kansa. A Wunti katanga ɗaya ce ke raba gidaje, warin dahuwar giya kuwa ba ya neman izini kafin ya tsallaka. Maƙwabci Musulmi da ya shekara goma yana shaidar cewa wannan Kirista ba mashayi ba ne zai ji shi da safe. Bulus ya ce wa Romawa da Korantiyawa gara mutum ya bar abin da yake da 'yancin yi idan zai sa wani tuntuɓe. Abin lura ma shi ne, a bayan gida ake shirin dafawar, da dare, ana roƙon goggo kada ta faɗa wa kowa. Ibrahim bai ɓoye maraƙinsa ba.

Haƙƙin baƙo a kan mai gida shi ne wurin zama, da abinci mai kyau, da sakin fuska, da a sallame shi lafiya. Ba ya cikin haƙƙinsa a samar masa duk abin da ya saba da shi a wani gari. Tsiron dawar nan da aka yi niyyar sa wa a randa, idan an haɗa shi da citta da kanumfari da dankali, kunun zaƙi ne, a sha shi ranar da aka yi. Ga zoɓo, ga kunun aya, ga masar Bauchi da miyar taushe wadda 'yan Legas ke kwana suna mafarkinta.

Mai wuyar ita ce ta surukin da ya manyanta, wanda a al'adar garinsu rashin kawo giya a biki raini ne. Shi kunu ba zai rufe masa baki ba. Abin da ya rage wa magidanci shi ne ya je wurinsa tun kafin ranar, ya durƙusa ya ce, "Baba, gidan naka ne, amma ba a dafa giya a cikinsa, na ce gara ka ji daga bakina." Tsohon yana iya yin fushi, yana iya ƙin kwana, yana iya kai ƙara wurin 'yarsa, kuma babu tabbacin zai huce kafin bikin ya watse.