Wa za a tambaya kafin a saki ƙwayar halitta a Kadawa?

Kowace shekara ɗaliban jami'o'i daga ƙasashe da dama kan fafata a gasar iGEM, wadda ta faro a jami'ar MIT ta Amurka, yanzu kuma ake rufe ta a birnin Paris. Sukan taɓa tsarin gadon bakteriya har ta yi aikin da ba a san ta da shi ba, kamar gano guba a ruwa ko kashe ƙwarin gona. Gasar na da doka mai tsauri: duk abin da aka haɗa ba ya fita daga ɗakin gwaji.

Dokar nan ce ta tsaya mana a rai. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye tumatirin Kadawa, har kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a shekarar ya tsaya saboda rashin kaya. Da a ce ɗaliban Bayero ko na ABU sun haɗa ƙwayar da ke kashe tsutsar a lokacin, da wane baki za mu ce wa mai bashin taki ya yi haƙuri, alhali maganin na kulle a firji? Jinkiri ma cuta ne, sai dai ba a cika tuhumar mai yin sa ba.

Duk da haka muna bayan dokar, kuma ruwa ne hujjarmu. Ruwan Tiga da ya shayar da gonar Bunkure ko Kura ba a nan yake kwana ba. Yakan bi magudana ya faɗa kogin Kano, ya gangara Haɗeja. Maganin feshi ƙarfinsa kan ƙare, abu mai rai kuwa haihuwa yake yi. Ko mai gona ya ce ya yarda, bai yarda da yawun masuncin da ke can ƙasa ba.

Waken SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar Maruca, da cibiyar IAR ta Zariya ta fitar a 2019, sai da ya shekara da shekaru a killatattun gonakin gwaji kafin hukuma ta sa hannu, kuma har yau ana gardama a kansa. Hukumar tana Abuja, alƙalan gasar suna Paris. Gasar dai ta buƙaci ɗalibai su tuntuɓi mutanen da aikin ya shafa. Mu a ganinmu, tun kafin su zaɓi matsalar da za su magance ya kamata su yini a kasuwar Kwanar Gafan, su ji ko manomi tsutsa ya fi tsoro ko ranar da kwando zai faɗi warwas.