Shin Tsoron Allah Kaɗai Ya Isa Ya Mai Da Mutum Alƙali?

Idan ana zancen naɗa alƙali a ƙaramar kotu, abin da jama'a suka fi tambaya shi ne ko mutumin yana da tsoron Allah. Tambayar tana kan hanya, amma an bar ta ta danne 'yar'uwarta, wato me ya karanta, a gaban wa, kuma shekara nawa ya yi yana kallon yadda ake yanke hukunci. Addini bai raba tambayoyin biyu ba. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya kasa alƙalai gida uku, ya sa biyu a wuta: wanda ya san gaskiya ya kauce mata, da wanda ya yi wa mutane hukunci cikin jahilci. Na biyun nan yana iya zama mai tsayuwar dare wanda bai taɓa karɓar kwabon kowa ba, kuma duk da haka ba a yi masa uzuri ba. Ashe jahilcin alƙali zunubi ne, kuma wanda ya naɗa shi yana da kaso a ciki.

Magabatanmu sun san da haka. Wanda zai yi alƙalanci a dā sai ya ratsa Risala da Mukhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, sannan ya daɗe a gefen babban alƙali a matsayin muhuti, yana koyon yadda ake gane mai da'awa daga wanda ake ƙara, da wanda rantsuwa ta hau kansa, da shaidar da ake kora. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar shari'a a Kano da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Malam Abubakar Gumi ya ratsa ta, ya ƙaro karatu a Bakht al-Ruda ta Sudan, ya yi mataimaki kafin ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Ko mai saɓani da shi a fahimta ba zai ce tsalle ya yi ya faɗa kan kujerar ba.

Za a ce cin hanci ne ciwon kotunanmu, kuma masani ma yana cin hanci. Gaskiya ne, ba kuwa na raina wannan ciwo. Sai dai maciyin hanci ya san laifi yake yi, ana iya kama shi, yana iya tuba. Jahili mai kyakkyawar niyya kuwa yana yanke zalunci da natsuwar zuciya, yana ma sa ran lada. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, an miƙa wa ƙananan alƙalai hukuncin haddi alhali yawancin gogewarsu a kan aure da gado da bashi take. Kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa a 2001, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta rushe shi a 2002. Haka kotun Katsina ta rushe hukuncin Amina Lawal a 2003, kuma hujjojinta daga cikin fiƙihun Malikiyya da dokar jihar suka fito: damar janye iƙirari, mas'alar kwantaccen ciki, da zaman alƙali shi kaɗai inda doka ta nemi mutum uku. Babu buƙatar a zargi kowa da mugun nufi kafin a ga cewa abin da ke rubuce a littafi ne aka tsallake, kuma ran mutum ne a kan sikeli.

Wani zai ce ai ga shi ɗaukaka ƙara ta gyara. Ta gyara wa waɗanda duniya ta ji labarinsu lauyoyi suka tsaya musu. Bazawarar da aka tauye wa gado a ƙauye ba ta da kuɗin motar zuwa birni, balle na lauya. Hukuncin alƙalin farko shi ne na ƙarshe a rayuwarta. Tsarin mulkin 1999 ya shardanta shekara 10 bayan samun shaidar ilmin shari'a ga alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta jiha, mutumin da talaka da wuya ya taɓa tsayawa gabansa. Tsanantawar ta fi cancanta a ƙananan kotuna.

Ban ce takardar difiloma ita ce ilmi ba, don ana samun mai takarda da ba ya iya buɗe Tuhfa ya karanta baiti ya fassara. Abin da nake kira gare shi shi ne hukumomin da ke naɗa alƙalai a jihohi su jarraba mutum a kan littafi da dokar jiha baki da baki, su tilasta masa zama ƙarƙashin gogaggen alƙali na wasu shekaru, su kuma daina karɓar takardar alfarma daga manya. Wanda bai tsallake wannan ba, komai kyawun halinsa, a nema masa wani aikin.