Ambaliyar Komadugu: Ƙaddara ce, ko da Sakacinmu a Ciki?

 

Ya ku ƴan'uwa, a shekarun 2012, 2019 da 2022 kogin Komadugu ya cika ya batse, ya ci gidaje da gonakin shinkafa da na tattasai a Geskeru da Difa. Duk lokacin da haka ta faru sai mu ce ƙaddara ce. Gaskiya ne. To amma shin imani da ƙaddara yana sauke mana nauyin yin shiri?

Mu dubi yadda ruwan yake zuwa. Mafi yawansa daga Nijeriya yake tasowa, ta kogunan Haɗeja da Jama'are, ga kuma madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano. Yakan yi makonni a hanya, shi ya sa yake iso mana wajen Oktoba da Nuwamba, bayan damina ta ɗauke. Baƙon da ya aiko da saƙo tun daga nesa, ba a cewa ya zo ba zato.

Sayyidina Umar, da ya sami labarin annoba a Sham, sai ya juya da jama'arsa, kuma ya ƙidaya juyawar cikin ƙaddarar Allah. Haka nan Annabi Yusuf ya tanadi hatsi tun kafin yunwa. Ashe riƙo da sababi yana daga cikin tawakkali.

Saboda haka fadama ta noma ce, tudu na zama. Wanda ya yi gini a hanyar ruwa ya jefa iyalinsa cikin haɗari. Wanda kuma ya kewaye gonarsa da shingen ƙasa shi kaɗai, ba tare da shawara ba, ya sani ruwan da ya tare a kan maƙwabcinsa zai sauka, kuma shari'a ta hana cutarwa. Ya wajaba bulamomi da malamai su haɗa jama'a a yi gayyar gyaran shinge tun da rani, a kwashe iri da busasshen tattasai zuwa tudu, a kuma saurari gargaɗin hukuma a rediyo.

Sai dai kada mu zargi kowa da kowa. Tun daga 2015 rashin tsaro ya raba mutane da yawa da garuruwansu, suka sauka inda suka samu. Wanda bai da zaɓi ba a kiransa mai sakaci. A nan tambayar ta koma kan mai fili a tudu: zai ara wa ɗan'uwansa wurin kafa bukka, ko zai jira sai ruwa ya ci shi sannan ya je jaje?

Allah ya ba mu albarkar wannan kogi, ya kare mu daga sharrinsa, amin.