Ya Dace Mu Ji Daɗin Kango?

A ƙasar Wales, a bakin kogin Wye, akwai wani kango da ake kira Tintern. Dā gidan sufaye ne, an kafa shi a shekara ta 1131. Sufayen suka zauna ciki fiye da shekara 400, suna addu'a, suna noma, suna ba matalauta sadaka. A 1536 Sarkin Ingila Henry na 8 ya rufe gidan. Aka kore su, aka kwashe dalmar rufin, ruwan sama ya yi ta zuba a inda dā ake sujada.

Bayan shekara fiye da 200, mutane suka fara zuwa kallo. A 1794 wani saurayi mai zane, Turner, ya zana kangon da fentin ruwa. Ganye ya lulluɓe ganuwa, haske yana shigowa ta tagogin da ba su da gilashi. Duk wanda ya ga zanen, sai ya ce, “Kai, da kyau!”

To, 'yan'uwa, ga tambaya: ya dace mu ji daɗin abin da ya zama asarar waɗansu?

Mun gani ba zunubi ba ne. Mahalicci ne ya ba mu ido mai son kyau, kango kuwa yana koya mana cewa aikin hannun mutum ba ya dawwama.

Amma akwai hatsari. Wani limamin ekklesiya, William Gilpin, ya buga littafi a 1782 game da tafiyarsa a kogin nan. A ganinsa, da an ɗan ƙara farfasa bangon da guduma, da ya fi kyau a zane. Shi da kansa kuma ya ba da labarin matalauta da ke zaune a bukkoki cikin kangon, suna roƙon baƙi. A dā masu gidan sukan ba da sadaka a ƙofar nan. A zamanin Gilpin, sai baƙo ya ga dama ya bayar.

Mai zane yana iya barin bukkar matalauci a waje da takardarsa. Mu ba a ba mu wannan izini ba. In mun tsaya gaban kango, mu yaba kyansa, sa'an nan mu tambaya: wa ya gina, wa aka kora, wa yake kwana a ciki?